Yadda ake nazarin wasan bakgamon don rage kurakurai a shawara

A shekarar 1979, a birnin Monte Carlo, wata manhajar kwamfuta mai suna BKG 9.8 da Hans Berliner ya rubuta ta kara da Luigi Villa, ɗan Italiya wanda bai jima da zama zakaran duniya ba, ta doke shi da ci 7 da 1. Da Berliner ya zauna ya bi wasannin taku bayan taku, sai ya gane cewa Villa ne ya fi buga wasa mai kyau, manhajar tasa sa'ar jifa ce ta ɗauke ta. Haka bakgamon yake. Kana iya yin shirme ka ci, kana iya yin daidai a kowane taku a cinye ka. Saboda haka wanda ke auna kansa da ci da faɗuwa yana iya shekara goma yana wasa bai ƙaru da komai ba. Abin da ake nazari a kai shi ne shawara: a wannan matsayi, da wannan jifa, me ya kamata a yi, kuma don me.

Wasan shi ne wanda Larabawan Masar da Sudan ke kira ɗawula, Turkawa su ce tabla. Allo ne mai gurabe 24, kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 15, ana jefa ƙwayoyin lido biyu. Salon da ake bugawa a gasannin duniya yana da ƙarin ƙwaya ta uku da ba a jefa ta, wato ƙwayar ninki, mai ɗauke da 2, 4, 8, 16, 32 da 64, wadda ɗan wasa ke miƙa wa abokin karawa don a ninka makin wasan, shi kuma ya karɓa a ci gaba ko ya sallama. Na ɗauka mai karatu ya riga ya san ƙa'idojin tafiya, kuma wasan da nake nufi na maki ne, babu kuɗi a ciki.

Mataki na farko: haddace lissafin 36

Ƙwayoyi biyu suna iya faɗuwa ta fuska 36 kacal. Kowace jifa mai lambobi daban, kamar 5 da 2, tana zuwa ta hanya biyu. Tagwaye irin su 4 da 4 hanya ɗaya ce. Duk shawarar da za ka yanke a wasan nan a kan wannan 36 ɗin take zaune, kuma ba a son ka tsaya kana ƙirgawa da yatsa a tsakiyar wasa.

Ga abin da za ka haddace. Idan ka bar ɗanka shi kaɗai a gurbi, wanda za mu riƙa kira maraya, kuma ɗan abokin karawa yana bayansa da taku 1, jifa 11 cikin 36 ne ke buge shi. Taku 2, jifa 12. Taku 3, jifa 14. Taku 4 da taku 5, jifa 15 kowanne. Taku 6, jifa 17, nan ne wuri mafi haɗari. Da an wuce 6 sai lissafin ya faɗo ƙasa warwas: taku 7 da taku 8 jifa 6 kowanne, taku 9 jifa 5, taku 10 jifa 3, taku 11 jifa 2, taku 12 jifa 3. Wannan idan babu gurbin da aka toshe a tsakani ke nan.

Kada ka haddace kamar aku, ka gina ɗaya da hannunka ka ga inda ya fito. Ɗauki taku 6: jifa 11 na ɗauke da lamba 6 kai tsaye, 5 da 1 ta ƙara biyu, 4 da 2 ta ƙara biyu, sai tagwayen 3 da tagwayen 2, kowanne ɗaya. Jimilla 17. Idan ka iya wannan ginin, ranar da ka toshe wani gurbi a hanya za ka san wace jifa za ka cire. Darasin da ke ciki kuma a fili yake: in dole ne ka bar maraya kusa, matso da shi dab da abokin gaba, in kana da hali, kai shi can nesa, fiye da taku 6.

Sai lissafin shigowa bayan an buge ka. Idan abokin karawa ya rufe gurbi ɗaya a gidansa, jifa 35 na shigo da kai. Gurabe biyu, 32. Uku, 27. Huɗu, 20. Biyar, 11. Dubi ratar da ke tsakanin uku da huɗu, da tsakanin huɗu da biyar. Ita ce dalilin da ya sa barin maraya a gaban mai gurabe biyu ba komai ba ne, a gaban mai gurabe biyar kuwa kasada ce babba.

Akwai wata dabara da ke fitowa daga wannan lissafi. Idan abokin karawa na buƙatar lamba ɗaya, jifa 11 gare shi. Idan ɗaya daga lambobi biyu ta ishe shi, 20 gare shi. To in za ka bar marayu biyu, nemi yadda lamba ɗaya ce za ta buge kowannensu, ko yadda lambar da za ta buge ka ita ce dai wadda yake buƙata don wani aikin. Ka rage masa kusan rabin sa'arsa ba tare da ka kashe komai ba.

Mataki na biyu: ƙirga taku har ya zama jiki

A farkon wasa kowa na buƙatar taku 167 kafin ya kwashe 'ya'yansa: lambar gurbi ita ce yawan takun da ya rage wa ɗan da ke kansa kafin ya fita, don haka biyu a gurbi na 24 sun ba da 48, biyar a na 13 sun ba da 65, uku a na 8 sun ba da 24, biyar a na 6 sun ba da 30. Matsakaiciyar jifa taku 8 ce da 'yan kai. Wanda bai san ko shi ne a gaba a tsere ko a baya ba, bai san irin wasan da ya kamata ya buga ba, domin na gaba gudu yake so da rabuwa lafiya, na baya kuwa tsayawa yake so a yi ta gwabzawa ko ya samu maraya.

Aikin a nan na maimaici ne. Zuba 'ya'ya a allo yadda ka ga dama, ƙirga na ɓangarori biyu a ka, rubuta, sannan ka duba da manhaja. Minti goma a rana ya isa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kada ka ƙirga jimilla, ka ƙirga bambanci: duk inda naka da nasa suka yi daidai da juna ka share su, ka lissafa ragowar.

Mataki na uku: buɗe wasa

Jifar farko iri 15 ce kawai, tunda ba a buɗewa da tagwaye. Biyar daga ciki babu gardama a kansu. Da 3 da 1 ka kama gurbi na 5, da 4 da 2 ka kama na 4, da 6 da 1 ka kama na 7, da 5 da 3 ka kama na 3, da 6 da 5 ka gudu da ɗa ɗaya daga 24 zuwa 13. Sauran goman suna da zaɓi biyu ko uku da ke kusa da juna. Haddace su a mako guda ka wuce, kada ka daɗe a nan. Amsar da ake mayarwa a jifa ta biyu ta fi yawa kuma ta fi koyar da hankali, sai dai ita ma a hankali ake tsintar ta.

Mataki na huɗu: adana wasanka ka ba na'ura ta duba

A 1992 Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon, manhajar da ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta, har ta sa ƙwararru suka sake tunani a kan wasu takun buɗewa da suka daɗe suna ɗauka daidai ne. Bayanta aka yi JellyFish da Snowie. A yau biyu ne aka fi amfani da su: GNU Backgammon, wadda kyauta ce, da eXtreme Gammon, da ake taƙaitawa XG, wadda ake saye. Duk sun fi kowane ɗan Adam iya wasan.

Abin da na'ura ke yi shi ne ta sa wa kowane matsayi daraja, sannan ta nuna maka nawa takunka ya zubar idan aka kwatanta da mafi kyau. A XG, zubar da 0.020 kuskure ne, zubar da 0.080 ko fiye katoɓara ce. Daga nan take fitar da ma'aunin da ake kira PR, wato matsakaicin abin da ka zubar a kowace shawara a ninka sau 500. Ƙaramin adadi shi ne mai kyau. Manyan 'yan wasan duniya irin su Masayuki Mochizuki na Japan, zakaran duniya na 2009 da 2021, ƙasa da 4 suke bugawa, mai koyo kuwa kada ya yi mamaki in ya ga 15 ko 20. PR na wasa ɗaya ba ya nuna komai. Tara karawa da yawa ka duba matsakaicinsu.

Mataki na biyar: rubuta amsarka kafin ka ga ta na'ura

Nan ne ake rabuwa tsakanin mai nazari da mai kallo, kuma nan na fi so a daɗe. Yawancin mutane suna gama wasa su danna bincike, su ga jan layi, su dubi amsar, su gyaɗa kai su ce ai haka ne, su wuce. Washegari su maimaita kuskuren. Ganin amsa yana sa mutum ya ji kamar ya gane, alhali bai motsa ƙwaƙwalwarsa ba.

Ga yadda za ka yi. Buɗe wurin da na'ura ta nuna kuskure, amma ka rufe jerin amsoshin da takarda ko tafin hannu. Shimfiɗa matsayin a kan allo na gaske in kana da shi. Sannan ka amsa tambayoyi a rubuce. Wa ke gaba a tsere, da taku nawa? Mene ne shirina a nan: gudu, gina katanga in tsare 'ya'yansa na baya, kai farmaki a kan marayunsa, ko riƙe turke, wato gurbin da na kama da 'ya'ya biyu a gidansa, in jira? Shi kuma me yake nema? Bayan haka ka fito da taku uku aƙalla da za a iya yi. Wannan na da muhimmanci, domin katoɓara da yawa ba daga mummunan zaɓi suke zuwa ba, takun da ya dace ne ko kaɗan bai zo wa mutum a rai ba. Jera su daga wanda ka fi so, ka rubuta dalili a jimla ɗaya, ka ƙiyasta girman ratar da ke tsakaninsu. Sai yanzu ka ɗaga takardar.

In amsarka ta yi daidai a wannan karon, matsalar gaggawa ce ko rashin natsuwa lokacin wasa, maganinta daban. In ta sake kaucewa, akwai abin da ba ka gane ba, kuma ka samu abin nazari.

Na'ura ba ta bayani, lamba kawai take bayarwa. Hanyar da ake tatsar dalili daga gare ta ita ce sauya matsayin kaɗan kaɗan. A ce ta ce ka bugi marayansa a cikin gidanka, kai kuwa ka zaɓi ka ɓoye ɗanka. Cire turken da kake da shi a gidansa ka sake tambaya. Mayar da shi, ka ƙara masa gurbi ɗaya a gidansa. Mayar, ka sauya tseren da taku 10. Duk sauyin da ya juya amsar, shi ne ginshiƙin matsayin. Rubuta shi da kalmominka, misali: ina da turke, gidansa gurabe biyu ne, don haka bugu ya fi ɓuya. Wannan jimlar ce za ka tafi da ita teburin wasa, tunda ainihin matsayin ba lalle ka sake ganinsa ba har abada.

Paul Magriel, zakaran duniya na 1978, ya tsara tambayoyin da ke raba lokacin kasada da lokacin taka tsantsan, kuma har yau suna aiki. Kana da turke a gidansa? Gidanka ya fi nasa yawan rufaffun gurabe? 'Ya'yanka na baya sun fi nasa yawa? Yana da marayu a cikin gidansa? Yawan amsar e na nufin ka buɗe wasa ka yi kasada, yawan a'a na nufin ka tattara 'ya'yanka. Gwada su a kan kowane kuskure irin wannan.

Kada ka ɓata lokaci a kan bambancin da bai kai 0.020 ba. Fara da katoɓara, uku ko huɗu a zama ɗaya. In kana shakkar hukuncin na'ura a matsayi mai sarƙaƙiya, sa ta buga shi har ƙarshe sau da yawa, kamar sau 1296, wato 36 sau 36, ta ba ka sakamako mafi inganci.

Mataki na shida: ƙwayar ninki, inda maki suka fi zuba

Kuskuren taku yakan ci ɗan kaɗan, kuskuren ninki yakan ci da yawa a lokaci guda, kuma shi ne mai koyo ya fi gudun nazari. Tushensa lissafi ne mai sauƙi. A ce an ninka maka a wasanni huɗu daban-daban. In ka sallama duka, ka rasa maki 4. In ka karɓa duka, ka ci ɗaya ka faɗi uku, ka samu 2 ka rasa 6, asarar 4 ce dai. Ashe ke nan kashi 25 cikin 100 na damar ci shi ne iyaka: sama da haka karɓa, ƙasa da haka sallama. Da yake wanda ya karɓa shi ke riƙe da ƙwayar, yana iya mayar da ninkin in al'amura suka juya, iyakar takan sauko kusan kashi 22 a doguwar tsere. Idan kuma akwai barazanar gamon, wato a cinye ka ba ka fitar da ɗa ko ɗaya ba a ci maki biyu, iyakar hawa take yi sosai.

Ba a iya lissafa kaso a kowane matsayi, shi ya sa ake haddace wasu matsayai a matsayin ma'auni. Ga kaɗan da za ka fara da su. Jifar ƙarshe ce, kana da ɗa ɗaya a gurbi na 6, in ka kasa fita abokin karawa ya ci: jifa 27 cikin 36 na fitar da kai, kashi 75 cif, don haka ka ninka, shi kuma karɓa da sallamawa duk ɗaya ne gare shi. Kana da biyu, ɗaya a gurbi na 5 ɗaya a na 2: jifa 19 ke kwashe su, ka haura rabi da ƙyar, amma tunda babu wata jifar bayan wannan, ninki ne, shi kuma ya karɓa da sauri. Kowannenku na da 'ya'ya shida a gurbi na 1 kuma jifarka ce: ninka, ya sallama. Kowanne na da takwas: ninka, ya karɓa. A tsere mai tsawon taku 100, in jifarka ce kuma kana gaba da 8 ka ninka, da 9 in ƙwayar na hannunka, shi kuma yana da karɓa har ratar ta kai 12.

A tsakiyar wasa, duba abu uku: tsere, kyawun tsari, da barazanar da jifa mai zuwa ke ɗauke da ita. Rinjaye a biyu daga ciki ya isa ka fara tunanin ninki. Akwai kuma ƙa'idar Kit Woolsey, ƙwararren ɗan wasa daga Amurka, wadda ta fi kowace amfani ga mai jinkiri: sa kanka a kujerar abokin karawa, in ba ka da tabbacin karɓa zai yi ko sallamawa, to ninka. Masu koyo sun fi yin laifin jira, sai wasa ya riga ya nuna sarai su miƙa ƙwayar, a sallama musu maki ɗaya inda da sun ci biyu.

Ɗabi'ar da za ka gina ita ce tsayawa kafin kowace jifa ka tambayi kanka ko lokacin ninki ya yi. A wajen nazari kuma, kowane matsayin ninki ka rubuta amsa biyu: ta mai ninkawa da ta wanda aka ninka wa.

Mataki na bakwai: littafin kurakurai

Kowace katoɓara ka ɗauki hotonta ka ajiye, tare da jimlar dalilin da ka rubuta. Sa mata suna gwargwadon irinta: barin turke da wuri, ƙin bugu, jinkirin ninki, karɓar abin da ya kamata a sallama, kuskuren kwashe 'ya'ya yayin da abokin gaba ke laɓe a gidanka. Idan suka kai hamsin, ƙirga. Kusan kullum za ka tarar iri biyu ko uku ne suka cinye yawancin asarar. Su za ka ba wata guda, ka bar sauran tukuna.

Sannan ka riƙa komawa kansu da tazara: bayan kwana ɗaya, bayan uku, bayan mako, bayan wata. Manhajar Anki tana tsara wannan da kanta, katin takarda ma ya wadatar, matsayi a gaba, amsa da dalili a baya. Cakuɗa katunan, kada ka jera iri ɗaya a wuri ɗaya, domin a wasa babu mai gaya maka cewa wannan matsalar turke ce. Katin da ka amsa daidai amma ka kasa faɗin dalili, mayar da shi cikin waɗanda ba ka iya ba.

Mataki na takwas: makin karawa

Idan ana buga karawa zuwa wani adadi, kamar 7 ko 11, makin da ake kai yana sauya hukunci. Ƙa'idar Crawford ta ce da zarar wani ya rage saura maki ɗaya ya ci, wasan da ke biye ba a ninki. Bayan wannan wasan, wanda ke baya ya ninka tun da wuri, don ba shi da abin rasawa. In kowa saura maki 2, ninki da wuri ake yi, wasan ya zama na yanke hukunci. Wanda saura masa maki 2 kuma ƙwayar na kan 2, gamon ba ta ƙara masa komai, sai ya bar kasadar nemanta. Bar wannan babi sai PR ɗinka ya sauko ƙasa da 10.

Yadda za a raba lokaci

In awa ɗaya gare ka a rana, ba wasa rabinta, ba nazari rabi. Karawa ɗaya gajera da aka bi diddiginta ta fi biyar da aka buga a jere aka rufe kwamfuta. Minti goma na farko na ƙirgar taku da katunan jiya ne, sannan karawa zuwa maki 5, sannan katoɓara uku mafi girma ta hanyar rufe amsa. Sau ɗaya a mako ka samu aboki ku shimfiɗa matsayi ɗaya, kowa ya kare ra'ayinsa da baki kafin a tambayi na'ura. Dalilin da ka kasa faɗa wa wani, kai ma ba ka riƙe shi ba. In kun saɓa a kan ninki, ku buga matsayin sau ashirin, ɗaya a matsayin wanda ya karɓa, ku ga ta inda wasan ke juyawa. Sau ɗaya a wata ka buɗe littafin kurakurai ka sake ƙirga nau'o'in, ka sauya abin da za ka mai da hankali a kai idan na saman jerin ya canza.